Kafin Ku Ƙera Jirgin Kwali

Duk makarantar sakandaren da ta shirya ranar baje kolin kimiyya, kusan kaya iri ɗaya za ka tarar a kan tebura. Ga jirgin sama na kwali an shafe shi da fenti, ga gidan bene na kwali an saƙala masa ƙananan ƙwayayen fitila, ga mota mai tafiya da batirin tocila, ga sabulun ruwa da man shafawa a robobi. Baƙi su zagaya, a yi tafi, a ɗauki hoto da shugaban makaranta, la'asar na yi a kwashe a kai sito, ɓeraye su ƙarasa aikin. Ban raina hannun da ya yanka kwalin nan ba, don yaron da ya haɗa waya har ƙwai ya kama ya fi wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba. Amma ƙannena, ku da kuke aji huɗu da aji biyar, a Kano kuke ko a Gusau, ko kuna lise a Maraɗi da Damagaram, bari in tambaye ku: da aka gama tafin nan, me aka sani da yamma wanda ba a sani ba da safe?

In amsar ita ce ba komai, to ado aka yi. Bincike yana farawa ne da tambayar da kai kanka ba ka san amsarta ba, ya ƙare da amsar da wani zai iya bin sawunka ya same ta yadda ka same ta. Kuma irin waɗannan tambayoyi ba sai an je Amurka nemansu ba. Suna nan a madafa, a rumbu, a bakin rijiya, a zauren kakanku, kuna tsallake su kullum a hanyarku ta zuwa makaranta.

Ku dubi marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane. Ba wanda bai san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi ba, kakanninmu sun san haka tun ba a yi mafarkin firji ba. Shi abin da ya yi, ya tsaya a kan wannan sani da kowa ke da shi ya ce, in randa tana sanyaya ruwa, me zai hana ta sanyaya kayan miya? Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, duk ruwan da ya bushe kuma yana tafiya da wani kaso na zafin da ke ciki. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Alayyahun da kan yi yaushi cikin yini guda ya yi kwana 12. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo, ya ƙara yaɗa tukwanen a ƙauyuka da kuɗin da ya samu. Ku lura da abin da ya ɗauki maganarsa daga Dutse ya kai ta duniya: kwana 3 da kwana 27. Da cewa kawai ya yi tukunyarsa akwai sanyi sosai, da sai a ce masa madalla, a wuce.

Kuma kada ku ɗauka ya cinye aikin. Tukunyar nan tana dogara ne da busasshiyar iska, don haka ana sa ran ta fi aiki a watan Maris, ta yi rauni a Agusta lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da laima. To raunin nawa ne? Digiri nawa ke tsakanin cikin tukunya da tsakar gida da ƙarfe biyu na rana a garinku? Sau nawa ya kamata a ƙara wa yashin ruwa a yini? Tsumma ya fi ko buhun algarara? Tukunyar da ke inuwar bishiya inda iska ke kaɗawa, da wadda ke ƙuryar ɗaki, wacce ta fi riƙe tumatir? Kowace ɗaya cikin waɗannan aikin zango guda ce ga ɗalibi mai tukwane huɗu da ma'aunin zafi. Sai dai ma'aunin da ake sayarwa a kemis ba zai yi ba, domin zafin jikin mutum aka yi shi, ba ya nuna abin da ya yi ƙasa da haka sosai. Ku roƙi malamin kimiyya ya ara muku na ɗakin gwaje-gwaje, ku kuma mayar masa da abinsa lafiya.

Na san jinin ƙuruciya ba ya son ƙaramar tambaya. Da an ce ɗalibi ya zaɓi abin bincike, sai ka ji yana son gano maganin ciwon daji ko ya kawo ƙarshen matsalar wutar lantarki a Najeriya. Burin yana da kyau, amma ba ya shiga cikin wata uku, ba ya kuma shiga cikin kuɗin tara. Ku datse shi, ku sake datsewa, har ya zama abin da za ku iya ƙirgawa da hannunku.

Bari in nuna muku ɗaya daga farko har ƙarshe. Kowace uwa ta san takaicin buɗe buhun wake bayan 'yan watanni da kaka ta tarar ya zama huji da gari, ƙwari na tashi. Wata tsohuwa za ta ce toka ce magani, wata ta ce barkono, wani ya rantse da ganyen darbejiya. Wasu 'yan kasuwa kuma sai su antaya masa maganin ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015 saboda gubar da aka riƙa samu a ciki. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a Marwa, arewacin Kamaru, sun fara bin wannan matsala tun ƙarshen shekarun 1980, daga aikinsu ne aka samu buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Sirrinsa shi ne hana iska shiga: ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ke ciki, ta ƙare, su daina ci da hayayyafa. To tsakanin toka da barkono da darbejiya da toshe iska, wanne ya fi, kuma da nawa ya fi?

Ki sayi wake, ƙanwata, daga buhu ɗaya, ki juye a tabarma ki gauraya shi sosai. Ki ɗebi ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, ki ƙirga masu huji, ki rubuta. Ki nemi gorunan ruwa 15 masu girma ɗaya, ki wanke, ki shanya har su bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya zai jawo fumfuna ya ɓata miki lissafi. Uku ki sa wake da toka, uku da dakakken barkono, uku da busasshen ganyen darbejiya, ki ɗaure bakin kowanne da ƙyalle yadda iska za ta riƙa shiga. Uku ki cika su taf da wake zalla, ki murɗa murfi, ki ɗiga kakin kyandir a gefensa. Ukun ƙarshe wake zalla da ƙyalle a baki, ba magani ba toshewa. Ki manna wa kowace gora takarda mai lamba da kwanan wata, ki jera su wuri ɗaya inda rana ba ta duka, inda kuma ƙannenki ba sa kaiwa.

Za ki ce me ya sa uku-uku, ɗaya ba ta isa ba? Ba ta isa ba, domin wata gorar tana iya dacewa da waken da ƙwaro ya fi yi wa ƙwai tun daga gona, sai ki ɗora wa toka laifin da ba nata ba. Za ki kuma ce me ya sa za a bar uku ba magani, ai asarar wake ce. Su ne ma suka fi sauran muhimmanci. In babu su, kika buɗe gorar barkono kika ga wake lafiya lau, ta ina za ki san barkonon ne ya yi aiki ba wai waken ne da ma ba shi da ƙwari ba? Ƙwaron wake yana yin ƙwai a bayan ƙwaya, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci ta girma, bayan kimanin wata guda ta fito ta bar hujin nan zagayayye da kike gani. Saboda haka gwajin sati biyu ba zai nuna miki komai ba, sai kin ba shi wata uku. Masu ƙyalle kina iya buɗe su duk bayan sati biyu, ki ɗebi 100, ki ƙirga, ki mayar. Masu kakin kyandir kuwa kada ki taɓa su sai ranar ƙarshe, ko da son sani zai hana ki barci, don buɗewa ɗaya ta ba ƙwarin sabuwar iska, aikin ya koma farko.

Duk wannan wahala ba ta da amfani in ba littafi. Ku sayi littafi mai kauri guda ɗaya, ku keɓe shi don aikin kawai, ku yi rubutu da biro. Ku riƙe shi yadda mai shagon unguwarku yake riƙe littafin bashi: ba ya cewa zai rubuta in ya tashi kasuwa, tun mai karɓar sukari bai juya baya ba ya rubuta suna da rana da kuɗi, don ya san ƙwaƙwalwa tana son kanta. Rana, lokaci, abin da aka yi, abin da aka gani, har da cewa an yi hazo ko akuya ta ture gora mai lamba 7. Ba a yage shafi. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe. Sannan ga inda ake gane ɗan halak: ranar da lissafi ya fito saɓanin abin da kuke so. Kun riga kun gaya wa kowa darbejiya ce za ta yi nasara, sai ga gorunanta sun fi kowanne huji. Hannu zai yi ƙaiƙayi ya mayar da 61 ta zama 16. Kada ku yarda. Wanda ya gano cewa wata dabara ba ta aiki ya yi wa mutanen garinsu hidima, ya hana su asarar buhu. Wanda ya gyara lamba kuwa ya yi shaidar zur, ko da a kan wake ne.

A 2012, a wani taron masu ƙere-ƙere da aka yi a Legas, 'yan mata huɗu 'yan shekara 14 da 15 sun nuna janareta mai aiki da fitsari. Labarin ya zagaya duniya, ana cewa lita ɗaya tana ba da wutar awa shida. Yaran sun yi abin a yaba, sun haɗa na'urar da ke fitar da iskar haidurojin daga fitsari, ta tace ta, ta tura ta cikin inji. Amma masana da suka duba sun yi tambaya guda: ita na'urar da ke raba fitsarin ai da wutar lantarki take aiki, to wutar da take ci da wadda janaretan ke bayarwa, wacce ta fi yawa? Darasin aji huɗu ne cewa ba a samun ƙarfi daga babu, kuma a irin wannan haɗi abin da ake zubawa ya fi abin da ake kwasa. Ni ban ga laifin yaran ba, na fi ganin na manyan da suka yi ta tafi ba wanda ya miƙa musu mita ya ce su auna shiga da fita. Ku in kun ƙera wani abu, ku riga kowa yi wa kanku tambayar da kuka fi tsoro.

Sai maganar inda kuke ɗebo bayani. Ku da kuka yi Islamiyya kuna da gadon da ya kamata ya tsare ku a nan. Malaman hadisi irin su Imam Bukhari ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa, kuma an san shi da gaskiya da kiyayewa. Wannan tambaya ta "wa ya ce?" ita za ku yi wa duk abin da ya faɗo muku a WhatsApp da TikTok. "Masana sun gano" ba isnadi ba ne. Waɗanne masana, a ina, a wace shekara? Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da amfani wajen fayyace muku darasin da ya shige duhu, amma sukan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Kuma ko sun yi daidai, ba su san huji nawa ne a gorarki mai lamba 4 ba. Abin da kuka ɗauko daga wani, ku ce daga wurinsa kuka ɗauko. Ba ya rage muku komai.

Kada 'yan ajin adabi da tarihi su ce wannan hira ta 'yan kimiyya ce. Naku filin ma ya fi faɗi, ya kuma fi gaggawa, don wake yana jira, tsofaffi ba sa jira. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta: harin masu kama bayi, zuwan Turawa, aure da kishi da goyo da ƙawance. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau kuma masu nazarin rayuwar matan Hausa a jami'o'in duniya ba sa tsallake shi. Baba ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Irinta tana nan a gidanku tana tsinke zogale, kuna wuce ta da "ina kwana, Iya" ku fice.

In za ku zauna da ita, ku nemi izini tukuna, ku gaya mata abin da za ku yi da maganar, kada ku kunna rikodar waya a ɓoye. Ku tafi da ɗan goro, ku zauna ƙasa. Kada ku ce "Iya, ba mu tarihi", za ta ce ita me ta sani. Ku tambaye ta abu ƙarami mai kama hannu: me aka sa mata a gara, wa ya yi mata kitson aure, da me ake wanki kafin omo, ina ake ɗebo ruwa kafin a haƙa rijiyar masallaci. Daga nan bakin zai buɗe, ku kuwa ku rufe naku. Ba za ta ba ku shekara da lamba ba, sai ku ɗaure labarin da abin da kowa ya sani: kafin a koma tuƙin dama ne a 1972 ko bayansa, ana kashe fam da sule ne ko naira ta zo a 1973, kafin babban farin wancan lokaci ne, kafin a kashe Murtala a 1976 ne. Ku na Nijar kuna da juyin mulkin Seyni Kountché na 1974. A daren nan ku rubuta abin da ta ce da kalmominta, in Basakkwaciya ce ku bar mata Sakkwatancinta, kada ku mayar da ita Bakanuwa. Sannan ku nemi wani tsohon da ya ga zamanin ku yi masa tambayoyin nan dai. Inda suka saɓa, ku rubuta duka biyun. Haka za ku iya yi da marinan Ƙofar Mata, da dukawa, da masaƙa, da 'yan koli, da ungozomar unguwa.

Masu sha'awar ƙaga labari da fim, ku ma ga taku. A 1933 hukumar fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani matashin malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, yana da shekara 22, da littafinsa Ruwan Bagaja. A gasar nan ce aka samu Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da nake so ku ɗauka daga Imam shi ne yadda yake aro. Sanannen abu ne cewa da yawa daga labaran littafinsa Magana Jari Ce tushensu na littattafan Larabawa ne da na wasu ƙasashe, amma ya narka su ya sake zubawa, ya ba su sarakuna da fadawa da kasuwanni irin namu, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Wannan daban yake da kwashe fim ɗin Indiya a canza wa jarumi suna zuwa Kamal. Kuma yawancin labaran nan gajeru ne, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Yau sai ka ga yarinya mai basira ta fara labari a WhatsApp, ta kai kashi na 80, ita kanta ba ta san inda za a sauka ba. Ƙanwata, rubuta mai shafi biyar ki gama shi. Ki ajiye sati biyu, ki ɗauko ki karanta wa ƙawarki da babbar murya. Duk inda kika ga idonta ya koma kan waya, nan ne za ki yanke. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata ma gajeren labari take nema, kuma gajeren ya fi dogon wuya.

A Kaduna akwai wasu samari 'yan uwan juna da ke kiran kansu The Critics. Tun suna 'yan makaranta, wajen 2016, suka fara haɗa finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi da suka tara kuɗi suka saya, suna koyon haɗa hoto a YouTube, suna fama da ɗaukewar wuta. Finafinan nasu na 'yan mintoci ne, amma wani yakan ci watanni. A 2019 duniya ta san da su, a 2020 fitaccen mai shirya finafinan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Kayan sun zo ne bayan an ga abin da suka gama da fasasshiyar waya.

Wannan ya kawo mu ga kukan da na fi ji, wato ba kayan aiki, ba kuɗi, ɗakin gwaje-gwajen makaranta kuma a kulle yake tun bara. Gaskiya ne, ba kuma laifinku ba ne. Ba kowa ne ya samu shiga irin makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta buɗe a 1977 ba. Amma William Kamkwamba na ƙasar Malawi barin makaranta ma ya yi, lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, don iyayensa sun kasa biyan kuɗi. A wani ɗan ƙaramin laburare ya ga hoton injin da iska ke juyawa ya ba da wuta, Turancinsa bai kai ya karanta bayanin sosai ba, sai ya bi zane. Da ƙarfen keke da fankar tarakta da bututun roba da dainamon fitilar keke ya kafa nasa yana ɗan shekara 14, ya kunna ƙwai a ɗakinsa. Ku kuna da 'yan gwangwan, kuna kuma da abin da ya fi su: bakanike da mai walda da mai gyaran rediyo da maƙeri. Mai naɗin kwayil da ke bakin kasuwa ya san abubuwa game da injin fanka waɗanda ba sa cikin littafinku na fiziks. Ku je masa da ladabi, ku ce "Baba, koyo muka zo", ku taya shi share shago, ku rubuta sunansa cikin waɗanda suka taimaka. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: wayar wutar NEPA, ruwan batir, kabaid, fetur da maganin ƙwari, ba a taɓa su sai babba wanda ya san aikin yana tsaye a wurin. Ba gasar da ta kai ido ɗaya.

Akwai wata ɓarna da ake yi muku da sunan taimako. Gasa ta matso, sai malami ko wani yaya da ke jami'a ya haɗa komai, ya rubuta bayani, ya ba ɗalibi ya haddace. Ranar gasa yaro ya zuba Turanci tiryan-tiryan, alƙali ya ce to in aka cire wannan wayar me zai faru, sai ido ya raina fata. In an kawo muku irin wannan tayi, ku ce, "Malam, a nuna mana, mu yi da hannunmu." Malamin kirki zai ji daɗin haka. Aikin mai duba ku shi ne ya yi muku tambayoyi masu zafi, ya nuna muku littafin da za ku karanta, ya hana ku abin da zai cuce ku. In kuwa ƙungiya ce, kamar kulob ɗin JETS da ke makarantu da yawa, kada ku wuce mutum huɗu ko biyar, kowa da abin da aka damƙa masa, kowa kuma ya iya bayanin aikin gaba ɗaya. 'Yan mata biyar ne daga makarantar Regina Pacis ta Onitsha suka ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka a 2018, da manhajar waya mai taimakawa wajen gane jabun magani. Matsalar da suka ɗauka ta kasuwar garinsu ce, irin wadda ku ma kuke da ita a kemis ɗin layinku.

Game da lokaci, aji huɗu da aji biyar ne naku, musamman dogon hutu. Aji shida na WAEC da NECO da JAMB ne, na Nijar kuma BAC na jiran ku, kada wani ya faɗi jarrabawa ya ce ni na sa shi ƙirgar wake. Rabin awa kullum bayan la'asar ya fi kwana uku ba barci ana gobe gasa. Ku sanar da iyayenku tun farko abin da kuke yi da dalilinsa, don uwar da ta san gorunan nan na mene ne ba za ta juye su a tukunya ranar da baƙi suka zo ba.

In aikin ya kammala, ku rubuta shi a shafi uku ko huɗu: me na tambaya, yaya na yi, me na samu, me ya gagare ni. Ku yi na Turanci ko Faransanci don makaranta, ku kuma yi na Hausa don masu abin. Wanda ya yi binciken wake ya karanta wa mahaifinsa da maƙwabcinsu mai ajiyar hatsi, wadda ta yi hira da kakarta ta koma ta karanta mata, ta gyara inda tsohuwar ta ce ba haka ta faɗa ba. A nan za ku sha tambayoyin da alƙalan gasa ba su iya ba. Manomi zai saurare ki har ƙarshe, ya ce, "To 'yata, na ji waken da kika toshe bai huje ba. Amma ni iri nake ajiyewa. Wanda ya yi wata uku ba iska, zai tsiro in na shuka?" Kada ki amsa da ka. Ki ce masa a ba ki kwana goma. Ki ɗebi ƙwaya 100 daga gorar da aka toshe, da 100 daga wadda aka bari da ƙyalle, ki shuka su a faranti biyu na jiƙaƙƙen yashi, ki riƙa yayyafa musu ruwa daidai wa daida safe da yamma, ki ƙirga waɗanda suka fito a rana ta bakwai da ta goma, ki kai masa lambobin kafin ruwan shuka ya sauka.